Kinkinau: Kurakuran haɗa waya da ke shaƙe muryar jitar lantarki

A Kinkinau da maƙwabtanta, Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ba a rasa mai gyaran rediyo ko amfilifaya a bakin titi. Mai jitar lantarki da ke son sauya mata maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke kira fikof, wurinsu zai nufa, domin su ke da mita da dalma. Aikin bai wuce liƙa wayoyi kaɗan ba, amma kuskure ɗaya ya isa ya sa jita ta yi gum, ko ta riƙa gurnani a tsakiyar biki.

Kaduna ba baƙuwar jita ba ce. A nan marigayi Bala Miller ya yi tashe da ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Afrika, kuma har yau ana kaɗa ta a majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa. A Nijar kuwa, Bombino da Mdou Moctar sun kai sautinta Turai da Amurka.

Yadda fikof ke aiki

Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a kansa, sai ya haifar da 'yar wuta da ke tafiya zuwa amfilifaya. Akwai mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster da ta fito a 1954, akwai kuma mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson a 1955 domin kashe gurnani. A al'ada, na farko yana tafiya da mamurɗin ƙara mai om 250,000, na biyu kuma mai 500,000. Idan aka bar ƙaramin mamurɗi ga mai naɗi biyu, muryar takan dusashe.

Launin waya ba shaida ba ne

Babban tarkon shi ne launi. Mai naɗi biyu yakan zo da wayoyi huɗu da ta biyar marar riga, kuma kowane kamfani da nasa tsarin. A na Seymour Duncan, baƙa ce ke ɗaukar sauti, a haɗa ja da fara a naɗe su. A na DiMarzio, ja ce ke ɗaukar sauti, baƙa da fara ake haɗawa. Wanda ya yi aiki da zanen wani kamfani a kan kayan wani ya sayi wahala da kuɗinsa.

Saboda haka mita ce alƙali. Lafiyayyen fikof mai naɗi ɗaya yakan nuna om 6,000 ko kusa da haka, mai biyu kuma daga 7,000 zuwa 16,000. Idan mita ta nuna sifili, wayar sauti ta taɓa ta ƙasa. Idan ba ta motsa ba, waya ta tsinke ko dalma ba ta kama ba. Dalmar da ta kama tana sheƙi, wadda ba ta kama ba takan dunƙule kamar ƙwallo.

Kowace matsala da alamarta

Idan gurnani ya ƙaru da an taɓa tsirkiya, galibi an juya wayoyi biyu na ramin da ake soka igiyar amfilifaya. Idan taɓawar ba ta sauya komai ba, a duba wayar ƙasa da ke zuwa ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa, wadda ake yawan mantawa da ita.

Idan kowane fikof yana da daɗi shi kaɗai, amma murya ta sirance kamar ta hanci da an haɗa biyu, to suna karo da juna ne. Maganin shi ne a musanya wayar sauti da ta ƙasa a ɗayansu. Kafin a rufe jita kuma, a riƙa ƙwanƙwasa kan kowane fikof da sukudireba ana juya makunni, don a tabbatar kowanne yana amsawa a gurbinsa.

Ba kowace ƙara ce laifin mai gyara ba. Mai naɗi ɗaya yana ɗaukar gurnanin wutar gida, wadda a Najeriya ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kusantar janareta ko taransifoma na ƙara shi. Lokacin hunturu ma bushewar iska kan sa robar fuskar jita ta riƙa ƙas-ƙas idan an shafa ta.

Alamar da ba a wasa da ita

Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta wayar ƙasa. Idan amfilifaya ta lalace, kuma soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, wutar za ta bi ta jikin makaɗin. Haka Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya rasu a Ingila a 1976 yana kaɗa jita a gida. Les Harvey kuma wuta ta kashe shi a kan dandamali a 1972 da ya taɓa makirufo.

Don haka duk makaɗin da ya ji tsirkiya ko makirufo na tsikarinsa ya ajiye jitar nan take. Wannan ba matsalar fikof ba ce. A kira mai aikin wuta ya auna soket da amfilifaya kafin a sake kunnawa.