Yawan Hannu Ba Ya Gaggauta Manhaja

Shirin 3MTT na horar da matasa fasahar kwamfuta da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 ya fara da mutum 30,000, rukuni na biyu ya kai 270,000, burin kuwa miliyan uku ne. Kano ta samu rabonta, ga kuma waɗanda Jami'ar Bayero da cibiyoyi irin su Startup Kano ke yayewa. Ana ta murna da adadi, amma ba a cika tambayar inda matasan za su sauka ba. Da yawansu ƙananan tawagogi ne za su karɓe su, irin masu rubuta wa 'yan kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari manhajar lissafin kaya da karɓar kuɗi. A nan ake tafka kuskure. Mai kamfani ya ga aiki ya makara, ga matasa da araha, sai ya zuba uku ko huɗu cikin tawagar da ta riga ta saba da juna, ya zauna jiran sauri. Jinkiri yake samu, kuma laifin ba na yaran ba ne.

Tushen matsalar yana cikin tsarin aikin kansa. Mutum 17 da suka haɗu a jihar Utah ta Amurka a 2001 suka fitar da ƙa'idojin rubuta manhaja na Agile sun fifita magana baki da baki da manhaja mai aiki a kan tulin takardu. Scrum, reshen da aka fi bi, ya raba aiki zango-zango, kowanne bai wuce wata guda ba, da taron minti 15 kullum, a tawagar da yawanci ba ta wuce mutum goma. Wannan yana da daɗi ga waɗanda suka fara tare, domin abin da ya kamata a rubuta yana kawunansu: dalilin da ya sa aka gina wani sashe a karkace, wurin da in an taɓa komai zai rushe, abin da Alhaji mai shago ya ce ba ya so. Baƙo ba shi da littafin da zai duba, dole ya yi tambaya, kuma wanda ya fi kowa iya aikin shi zai tambaya. Duk sa'ar da gwani ya ɓata yana bayani, daga aikin zangon aka cire ta. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin IBM, ya nuna tun 1975 cewa ƙara mutane kan aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi. Lissafin a fili yake: mutum biyar hanyoyin magana goma ne tsakaninsu, mutum goma kuwa 45.

Abin da ya tsananta lamarin a wajenmu shi ne ƙarancin gwanayen da za su yi rainon. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, mai shekaru biyar a sana'ar ya fi son aikin da zai yi daga ɗakinsa a biya shi da dala. Kasuwar duniya ma ta daɗe da nuna wanda take so: a 2019 kamfanin Andela ya sallami ƙananan masu rubuta manhaja kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, ya koma neman ƙwararru. Sai a wayi gari gwani ɗaya yana riƙe da sababbi huɗu, kowannensu yana kawo tarin aikin da ChatGPT ya taya shi rubutawa, shi kuwa dole ya duba layi-layi. Ko dai ya gaji ya bar kuskure ya isa shagon ɗan kasuwa, ko a jingine yaran gefe har su tafi ba su koyi komai ba.

Masu gyaran waya da ke tsakanin Bata da titin Beirut a Kano sun fi mu gane wannan. Maigida ba ya miƙa wa sabon yaro waya mai tsada ranar da aka kawo shi. Yaro zai zauna kusa da shi yana kallo, ya fara da canjin gilashi da wurin caji, kafin a bar shi da injin. Kuma ba ya ɗaukar yaran da idonsa ba zai iya kaiwa kansu ba.

Za a ce in ba a ɗauki matasa da yawa ba, ina za su samu gogewa, kuma kamfanin da bai ƙara hannu ba ai ba zai girma ba. Gaskiya ne, ba wanda ya ce a rufe ƙofa. Amma zaman da ba a koyi komai a cikinsa ba ba gogewa ba ne, girman da ya karya tawaga kuwa asara ce.

Saboda haka a riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da aiki bai matse ba. A haɗa kowane sabo da tsohon hannu su zauna kan kwamfuta guda, a rage wa tsohon aikin zangon, a kuma biya shi ladan koyarwa. A rubuta muhimman shawarwarin da tawaga ta yanke, ko da a shafi biyu ne. Gwamnati da masu horarwa su ma su sani, takardar shaida ba ta gama aiki ba sai an tanadi wanda zai karɓi yaron.