Takubba Biyu a Gindin Agogo Ba Su Isa Shaida Ba

Tun da bidiyoyin gwanjon kayan tarihi suka cika wayoyi, ake ta samun masu ɗaga tsohon agogon tangaran, irin wanda Turawa ke ɗorawa a kan kantar murhun ɗumama falo, su leƙa gindinsa, da sun ga shuɗin zanen takubba biyu a gicciye sai su ce kakarsu ta yanke saƙa. Tambarin kam na masana'antar Meissen ne, wadda Augustus, sarkin Saxony, ya kafa a 1710 kusa da Dresden a Jamus, ita ce ta fara yin tangaran mai tauri irin na Sin a Turai. Amma tambari shi ne abu mafi sauƙin kwaikwaya a jikin agogon. Duk macen da ta saba sayen atamfa ta san rubutun Holland a bakin zane ba ya hana shi zuba tun wankin farko, haka mai sayen turare bai taɓa yarda da kwalba ba sai ya shinshina. Tun a ƙarni na 19 ƙananan masana'antu suka yi ta zana takubban Meissen da haruffan L biyu masu sarƙe da juna na Sèvres ta Faransa. A birnin Faris ma, gidan Samson, wanda aka buɗe a 1845, da kwafar kayan manyan masana'antu ya yi suna.

Abin da masu ɗokin nan ba sa lura da shi shi ne, irin wannan agogo galibi aikin hannu biyu ne. Mai tangaran ya gasa gidan, maƙerin agogo ya haɗa injin. Kamfanin Ansonia na Amurka, alal misali, ya riƙa sayo gidajen Royal Bonn daga birnin Bonn yana saka musu nasa injin, yayin da agogunan Faransa da yawa ke ɗauke da injin Japy Frères. Shi ya sa gwani ke fara buɗe ƙofar baya. Yana duba hatimin da aka buga a farantin tagulla, ya ga ko injin ya zauna daram a mazauninsa ko an huda sababbin ramuka don a cusa shi, sannan ya bi furannin jikin gidan da yatsa, domin a bakin ganyensu ake fara samun karaya da liƙin manne. Gidan gaske da injin aro tamkar babbar riga ce mai aikin hannu da aka yi wa faci da yadin kanti.

Za a iya cewa ai kwafin Samson ma ya haura shekara ɗari, don me za a raina shi? Gaskiya ne, yana da masu nema da nasa farashi, kuma babu aibi a mallakarsa. Aibin yana ga dillalin da ya san kwafi ne ya sayar da shi da sunan Meissen. Wanda ya fi ba ni takaici kuwa shi ne mai gyaran da za a kai wa agogon saboda ya daina tafiya, maimakon ya wanke injin ya zuba masa mai, sai ya zare shi ya jefar, ya maye gurbinsa da na batir. Agogon zai ci gaba da nuna lokaci, amma rabin abin da mai tara irin waɗannan kaya ke biya ya riga ya tafi bola.