Wahalar Mai Rubuta Gajeren Labari

Akwai malaman makaranta da ma'aikatan ofis da yawa waɗanda su ke da labari a rubuce cikin littafin aiki, sun jefa shi ƙasan akwati har gara ta fara ci. In ka tambaye su dalili, sai su ce ba su san inda za su kai shi a buga ba. To, wannan kuka ya daɗe, ya kuwa kamata mu bi sawunsa tun daga tushe, domin mu gane inda gizo ke saƙa.

A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labaru da Hausa. Sai da Dokta East ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta, don a lokacin masu ilmi suna ganin ƙaga labari tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare. Duk da haka aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Abin lura shi ne, Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ne ya rubuta nasa, yana ɗan shekara 22, Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Watau daga cikin aji wannan sana'a ta fito.

Imam ya yi sa'a, hukuma ta riƙe hannunsa. Aka kira shi Zariya a 1936, aka ɗauke masa aikin aji, aka tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku mai labaru fiye da 80. Lalle basira tasa ce, amma da ba a ba shi lokaci da maɗaba'a da makarantun da za su saya ba, da wuya aikin ya kai inda ya kai.

Daga nan sai abin ya riƙa tafiya irin ta damina da rani. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA ta buga littattafai masu yawa a zamanin Yaƙi da Jahilci, amma aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC ya zo a 1966, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga littattafan makaranta, don su ne masu kasuwa tabbatacciya. Da ya sa gasa, a 1980 aka ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Gasar Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Duk ran da aka buɗe ƙofa, marubuta sun yi dafifi. Ashe da ma suna nan, ƙofar ce ke rufe.

Bayan 1986 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya. Ga shi kuwa shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 ya yaye samari da 'yan mata masu ƙishin karatu da Hausa. Sai marubuta, musamman a Kano, suka ɗaure wa kansu gindi. Mutum ya rubuta, ya tara kuɗi, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauki littattafansa ya raba wa 'yan kasuwa. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka juya da Turanci aka buga a Indiya a 2012, ta haka kuma In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya game ƙasa. Wannan hanya ta ceci rubutun Hausa, amma tana da nata ciwo: ba editan da zai gyara, ɗan kasuwa ba ya biya sai ya sayar, wani lokaci ma uwar kuɗin ba ta dawowa.

Gajeren labari kuwa ya fi kowa maraici cikin wannan tafiya. Shafi biyar ko shida ba su isa littafi ba, ɗan kasuwa ba zai karɓe su ba. Tilas sai ya raɓu da jarida, ko mujalla, ko rediyo, ko a tara shi da 'yan'uwansa cikin kundi ɗaya. Shi ya sa gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ta yi amfani ƙwarai. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara cinye ta da labarinta Sansani. Yau kuma mutum na iya sa labarinsa a intanet dubban mutane su karanta ta waya, amma yawanci ba ko kwabo, wani ma ya kwafe ya sa sunansa.

Mu dai a ganinmu, gasa kamar ruwan sama ce, ta zo ta wuce, mutum uku su sami kyauta, saura su koma gida da takardunsu. Abin da gajeren labari ke bukata rijiya ce, watau fili tabbatacce a jarida kowane mako, da edita mai karantawa ya mayar da amsa, da ɗan abin hasafi ga wanda aka buga nasa.

Kafin a sami haka, akwai abin da ke hannunmu. Malami ya karanta wa ɗalibansa labari ɗaya a mako, ya sa su rubuta nasu. Marubuta goma su haɗa kuɗi su buga kundi guda, kowa ya gyara na ɗan'uwansa. Mai rubutu ya ɗauki al'amari ɗaya tak, ya bar dogon sharar fage, ya kula da ƙa'idar rubutu, ya karanta wa wani da babbar murya kafin ya aika. In an ƙi karɓa, kada ya yi fushi ya yaga, ya sake dubawa ya aika wani wuri, don mai haƙuri shi kan dafa dutse. Mu kuma masu karatu mu rage aro, mu riƙa saye, gama littafin da mutum ashirin suka karanta ɗaya ya biya, ba ya haifar na biyu.

Allah ya sa waɗanda ke da labari a akwati su fito da shi tun gara ba ta gama da shi ba, amin.