Shugaban gwamnatin da aka tsare a ɗakin otal

Ranar 28 ga Mayu, 1938, jami'an Gestapo, 'yan sandan ciki na Hitila, suka ɗauko Kurt Schuschnigg daga gidan da suka yi masa ɗaurin talala a birnin Biyana, suka kai shi otal ɗin Metropole, suka hau da shi bene na biyar, suka rufe shi a wani ɗan ƙaramin ɗaki. Wata uku kafin wannan rana, shi ne shugaban gwamnatin Ostiriya. Ya yi yunƙurin shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 13 ga Maris don jama'a su faɗa da bakinsu ko suna son ƙasarsu ta ci gaba da zama mai cin gashin kanta. Hitila bai bari an kai ga haka ba. Ranar 11 ga watan aka tilasta wa Schuschnigg yin murabus, washegari sojojin Jamus suka tsallako iyaka.

Metropole ba ƙaramin otal ba ne. An gina shi a 1873 domin baƙin babban bajekolin duniya da aka yi a Biyana, a dandalin Morzinplatz, bakin mashigin kogin Danube. Masu shi Yahudawa ne, don haka 'yan Nazi suka ƙwace shi suka mai da shi hedikwatar Gestapo. Talakan da aka kamo, ta ƙofar baya ake shigo da shi, a gangara da shi ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda ake jibgar mutane. Manyan fursunoni kuwa sama ake kai su, kuma azabarsu daban ce.

Wata 17 Schuschnigg ya yi a ɗakin nan. Tun yana ɗaurin talala dama sun saba hana shi barci. A otal ɗin sai suka ƙara da wulaƙanci. Tawul ɗin da aka ba shi don goge jiki, da shi ake sa shi ya goge ɗakunan masu gadinsa, da kwanonin wanke hannunsu, da bokitan ƙazantarsu, har da masai. Kafin ya cika shekara a hannunsu ya zube da kimanin kilo 26, amma likitan rundunar SS ta 'yan Nazi ya duba shi ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Kwana huɗu da kawo shi otal ɗin aka ɗaura masa aure da Vera Czernin, ango yana kulle, ɗan'uwansa Artur ne ya tsaya a madadinsa.

Kada tausayi ya sa a manta ko wane ne shi. Schuschnigg ba gwarzon dimokuraɗiyya ba ne. Ya gaji Engelbert Dollfuss da aka kashe a 1934, ya ci gaba da mulkin jam'iyya ɗaya, gwamnatinsa ma tana tsare 'yan adawa a sansanin Wöllersdorf. Wanda ya saba sa hannu a kulle wasu, yau ga shi da tawul a hannu.

Maƙwabcinsa a benen shi ne Louis Rothschild, shugaban babban bankin dangin Rothschild na Biyana. Shi an tare shi ne a filin jirgin sama na Aspern yana shirin barin ƙasar. Ba siyasa aka kama shi da ita ba, dukiya ake so. Aka riƙe shi garkuwa ana ciniki da danginsa da ke waje, har da batun masana'antar ƙarfe ta Witkowitz da ke Cekoslobakiya, ba a sake shi ba sai a Mayun 1939, bayan an raba shi da abin da ya mallaka a Ostiriya. Ya ƙarasa rayuwarsa yana da gona a jihar Vermont ta Amurka, ya rasu a 1955.

Labarin irin wannan tsarewa ya kai kunnen wani ɗan Biyana da bai taɓa kwana a hannun Gestapo ba, wato marubuci Stefan Zweig. Bayahude ne, ya bar Ostiriya tun 1934, ya zauna a Ingila, ya ratsa ta Amurka, ya yada zango a garin Petrópolis da ke kan tsaunukan Barazil. A can, shi da matarsa Lotte sukan buɗe littafin darar Turawa, wadda ake kira ces, su bi wasannin gwanaye taki-taki don rage kaɗaici. Daga nan ya rubuta ɗan gajeren labarinsa, Schachnovelle. Wani lauya ne aka rufe a ɗakin Metropole don a tilasta masa tona asiri, ba duka ba zagi, an dai hana shi takarda da alƙalami da agogo da abokin magana. Wata rana ya saci littafi daga aljihun kwat ɗin wani jami'i, yana murna ya sami abin karatu, ashe wasannin dara 150 ne a ciki. Ya murza ɓarɓashin burodi ya yi 'ya'yan dara, ya haddace wasannin kaf, sannan ya koma karawa da kansa a cikin kansa, shi ne fari shi ne baƙi, har hankalinsa ya rabu biyu. Abin da ya hana shi tona asiri shi ne ya so ya haukata shi.

Sau biyu Jamusawa suka mai da labarin fim: a 1960 da Curd Jürgens, sai a 2021 da Philipp Stölzl ya ba da umarni, Oliver Masucci ya fito a matsayin fursunan, Josef Bartok. A fim na biyun Albrecht Schuch ne jami'in Gestapo mai tambayoyi cikin ladabi, kuma shi ne zakaran darar da Bartok ya haɗu da shi a jirgin ruwa. A ganina wannan dabara ta fi duk wani ihu da ke fim ɗin tsoratarwa, domin mai kallo yakan fara shakkar ko mutumin ya taɓa fita daga ɗakin ma.

Shi dai Schuschnigg ya fita, amma zuwa wani kurkukun. Daga Biyana aka kai shi Munik, daga nan sansanin Sachsenhausen, inda Vera ta bi shi da ƙafarta, ta zauna tare da shi da jaririyarsu da aka haifa a 1941. Ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe su tare da wasu manyan fursunoni, ciki har da tsohon firaministan Faransa Léon Blum, zuwa tsaunukan Kudancin Tirol, inda sojojin Amurka suka iso gare su ranar 4 ga Mayu, 1945. Otal ɗin ma bai kai wannan rana ba, bom ya rushe shi a watan Maris. Schuschnigg ya yi kusan shekara 20 yana koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Saint Louis ta Amurka, ya koma gida ya rasu a 1977.

Zweig, wanda ba a taɓa rufe wa ƙofa ba, shi ne bai ga ƙarshen yaƙin ba. A Fabrairun 1942, kwanaki kaɗan bayan Singafo ta faɗa hannun Japan, ya kai kwafe-kwafen labarin gidan waya ya aika wa masu buga littattafansa. Ranar 23 ga watan aka tarar da gawarsa da ta Lotte a gidansu, sun sha guba. An fara buga labarin da Jamusanci a Buenos Aires a Disambar wannan shekara, kwafi 'yan ɗaruruwa kawai, domin a Jamus da Ostiriya an haramta littattafansa.