Masu Kamun Ƙafa A Kan Sha'anin Intanet: Me Suka Tsinana Mana?

Duk mutumin Arewa da ke zaune a nan Ikko, ko a Sabon Ibadan, ko Shagamu, wanda kuma ya bar iyali a Gusau ko Ƙauran Namoda, ba sai an tuna masa da watan Satumba na 2021 ba. Tun daga ran 3 ga watan waya ta ɗauke a Jihar Zamfara baki ɗaya. Ka buga, ka sake bugawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Falke a kasuwar Mil 12 bai san ko motar kayansa ta taso ba, wanda ya aika da kuɗin cefane gida ba shi da hanyar jin ko sun isa, wanda kuwa ya baro mahaifiya ba lafiya sai dai ya yi ta addu'a. A can gida ma, mai son buga waya sai ya shiga mota ya tsallaka wata jiha tukuna.

Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Bello Matawalle, shi ne ya nemi a yi haka, wai don a toshe wa 'yan bindiga hanyar jin labari. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta rubuta wa kamfanonin waya takarda, su kuwa suka kashe. Mako biyu aka ce da farko, amma a wurare da yawa sai wajen ƙarshen watan Nuwamba waya ta dawo, bayan an yi irin wannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne takarda guda ta isa a yanke miliyoyin mutane daga duniya, ba alƙali ya saurara, ba Majalisa ta zauna. To, wa ke da wannan iko, wa kuma ke da bakin cewa a dakata?

Shi intanet ba shi da sarki guda. Rabon sunaye da adireshi yana hannun wata hukuma mai suna ICANN wadda aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1998, kuma sai a watan Oktoba na 2016 Gwamnatin Amurka ta saki linzaminta. Namu sunan na ƙasa, watau .ng, ƙungiyar NiRA ke riƙe da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana kiran taro kowace shekara tun daga na birnin Atina a 2006, inda kowa ke faɗin albarkacin bakinsa, amma ba a yanke hukunci. Ikon da ke taɓa talaka kai tsaye yana wuri biyu ne: hannun gwamnatoci masu doka da 'yan sanda, da hannun manyan kamfanoni masu kuɗi da na'ura. A tsakanin waɗannan giwaye biyu ne wasu 'yan ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ba riba suke nema ba, suka tsuguna suna aikin da Bahaushe ke kira kamun ƙafa.

Aikin ba shi da armashi ko kaɗan. A rubuta shirin doka, a nemi ɗan Majalisa da zai yarda ya ɗauka, a yi ta zirga-zirga a ofisoshin kwamiti, a jira mutum awa uku ya ce a komo gobe. In ta kama a ja zuga zuwa ƙofar Majalisa da kwalaye, in ta ƙi a garzaya kotu.

Mu ɗauki ƙungiyar Paradigm Initiative, wadda Mista Gbenga Sesan ke shugabanta. Ta soma ne a 2007 da koya wa samarin Ajegunle aikin kwamfuta, daga baya ta lura cewa koya wa yaro aiki ba zai wadatar ba muddin ana iya kama shi a kan abin da ya rubuta, ko a leƙa saƙonsa ba da izni ba. Sai ta haɗu da 'yan'uwanta suka tsara shirin dokar kare haƙƙin jama'a a intanet, wanda ya taɓo sirrin mutum, da 'yancin magana, da sharuɗɗan da hukuma za ta cika kafin ta saurari wayar wani. Wani wakili daga Jihar Inugu, Mista Chukwuemeka Ujam, ya gabatar da shi a 2016. Majalisar Wakilai ta amince a watan Disamba na 2017, ta Dattijai ta bi baya a watan Maris na 2018. Aka yi murna. Takardar ta yi kusan shekara guda kafin ta isa teburin Shugaban Ƙasa, a watan Maris na 2019 kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu, bisa hujjar cewa shirin ya ɗebo al'amura da yawa bai kuwa zurfafa a ko ɗaya ba. Majalisar ta ƙare wa'adinta bayan wata uku, wahalar shekara uku ta bi ruwa, sai a koma farko da sababbin fuskoki waɗanda ba su taɓa jin zancen ba.

Wanda ya san tarihin dokar 'yancin samun bayani ba zai yi mamaki ba. Ƙungiyar Media Rights Agenda ta nan Ikko da abokanta sun kai ta Majalisa a 1999, Cif Obasanjo ya ƙi sa hannu a 2007, sai a watan Mayu na 2011 Dokta Jonathan ya rattaba. Shekara 12 ke nan.

Inda waɗannan ƙungiyoyi suka fi ƙwarewa shi ne tare hanya. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo shirin doka mai tanadin ɗaurin shekara biyu ko tarar Naira miliyan 2 ga wanda ya watsa kalaman ɓatanci ta WhatsApp ko Twitter da makamantansu. Aka yi ca a kansa, Majalisar Dattijai ta janye shi a watan Mayu na 2016. A 2019 Sanata Muhammad Sani Musa na Neja ta Gabas ya zo da nasa, wanda masu bin diddigi suka nuna ya yi kama ƙwarai da wata dokar ƙasar Singafo ta shekarar. Ya tanadi tarar Naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku ga mai yaɗa ƙarya, ya kuma ba 'yan sanda ikon sa a toshe hanyar shiga shafi. Ya tsallake karatu na biyu ba wuya. Amma ran 9 ga Maris 2020, da aka buɗe zauren jin ra'ayin jama'a, sai ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi da na kare haƙƙi suka yi ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna suka, masu goyon baya 'yan kaɗan. Tambayar da suka riƙe guda ce: wa zai yanke cewa magana ƙarya ce? In ɗan sanda ne, to duk wanda ya ce rijiyar da Ciyaman ya ce ya haƙa babu ita, ya shiga uku. Shirin bai sake tashi ba har Majalisar ta watse a 2023.

A yi adalci, su Sanatocin ba daga sama suka tsinci damuwarsu ba. Mun sha gani an ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa an liƙa masa sunan wani gari namu, kafin gari ya waye an fara ramuwar gayya. Mu da ke zaune a garin wasu, mu ne muka fi kowa sanin abin da jita-jita ke jawowa, don shagonmu ake fara ƙonawa. Cutar gaskiya ce. Maganin da suka kawo ne ya fi dacewa da aljihun mai mulki fiye da lafiyar mai ciwo.

Sai babbar gwagwarmaya. Ran 4 ga Yuni 2021 Ministan Watsa Labarai, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwar dakatar da Twitter a Nijeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari da ya taɓo zancen yaƙin basasa. Babban Lauyan Gwamnati, Malam Abubakar Malami, ya ce a gurfanar da masu bi ta ɓarauniyar hanya suna shiga. Ƙungiyar SERAP da 'yan Nijeriya 176 ba su tsaya a kotunan gida ba, suka nufi Kotun ECOWAS a Abuja, wasu ƙungiyoyin su ma suka shigar da tasu, aka haɗa ƙararrakin wuri guda. Dalilin zaɓen wannan kotu a fili yake: ba ta sharɗanta sai ka gama da kotunan ƙasarka ba, kuma a 2020 ta riga ta yanke cewa Togo ta saɓa doka da ta rufe intanet lokacin zanga-zangar 2017. Ran 22 ga Yuni kotun ta hana Gwamnati gurfanar da kowa kafin a gama shari'a. Ran 14 ga Yuli 2022 ta yanke cewa dakatarwar haramtacciya ce, kada a kuma. Sai dai a lokacin an riga an buɗe Twitter tun ran 13 ga Janairu, bayan kwana 222, kuma ba don kotu aka buɗe ba, don Gwamnati ta ce kamfanin ya yarda ya yi rajista a nan ya biya haraji.

Haka ma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda ya mai da saƙo mai ɓata rai ko cin fuska laifi, aka kuwa yi ta kama 'yan jarida da shi. Kotun ECOWAS ta soke shi da baki har sau biyu, a 2020 da 2022, kana a watan Fabrairu na 2024 aka rage masa faɗi. Ba a fasa kama 'yan jarida da sunan dokar ba bayan gyaran, amma lauyan wanda aka kama ya sami abin riƙewa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ita ma tana cikin abubuwan da suka daɗe suna nema.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Na farko kuɗi. Galibin abin da waɗannan ƙungiyoyi ke kashewa daga gidauniyoyin Amurka da Turai yake zuwa, a duniya kuma akwai irinsu da ke karɓa daga manyan kamfanonin intanet ɗin da ya kamata su sa wa ido. 'Yan Majalisa kan yi musu gori da wannan, su kuwa su amsa cewa attajiranmu ba su taɓa miƙo ko kwabo ba. Duka biyun gaskiya ne.

Na biyu ya fi ci mini rai. Twitter da Zamfara shekara guda suka faru, wata uku tsakani. Na farko ya taɓa 'yan boko da 'yan kasuwar zamani, duniya ta ɗauka, jakadun ƙasashen Turai da Amurka suka fitar da sanarwa. Na biyu ya taɓa manomi da mai awo da mace mai naƙuda da ba ta iya kiran mota ba. An yi magana, ban ce ba a yi ba, wasu ƙungiyoyin sun fito sun soki rufewar, amma a auna ƙarar biyun a gani. Wani ɓangare na laifin namu ne, don da yawa daga cikinmu mun ce in dai za a sami tsaro a rufe ɗin, ba mu tambayi wa'adi ba, ba mu tambayi wa zai zo ya ba da lissafin abin da aka samu ba.

Akwai masu wannan aiki a Arewa. Cibiyar CITAD ta Kano, a ƙarƙashin Malam Y. Z. Ya'u, ta daɗe tana bin sawun kalaman ƙiyayya, tana kuma neman a sauƙaƙa wa ƙauyuka kafa 'yan ƙananan hanyoyin sadarwa na kansu a inda kamfanoni suka ga babu riba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zauren jin ra'ayi a Abuja yake, sanarwarsa da Turanci ake bugawa, takardun da ake miƙawa da Turanci suke. Ba a ce sai lauya ne zai miƙa ba, ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi ko ta masu sayar da katin waya tana da iko ta rubuta tata ta kai wa akawun kwamiti kafin ranar zama. Ƙungiyoyinmu na fataken shanu da na kayan gwari sun san hanyar Abuja sarai, mun ga yadda suka tsai da kaya zuwa Kudu a farkon 2021 har sai da manya suka zauna da su. Bayan wata shida aka kashe wayar da suke cinikin da ita.