Foldar da Ke Mutuwa Duk Bayan Kwana Bakwai

An haɗa Google Drive da kwamfuta mai Linux ta hanyar manhajar rclone, rumbun ya zauna a cikinta kamar kowace folda. Ana ajiya ana ɗauka lafiya lau, kwatsam sai foldar ta ƙi buɗuwa, ba abin da take cewa sai "Input/output error". Da an sake ba rclone izini komai ya daidaita, bayan 'yan kwanaki kuma a koma gidan jiya.

Intanet aka fara zargi, amma burauza na buɗe rumbun ba gardama. Sai aka kunna rclone da alamar -vv domin ta fayyace abin da take yi. Nan ainihin ƙorafin ya bayyana: "invalid_grant". Ashe Google ce ke ƙin karɓar shaidar shiga.

Wace shaida? Tikiti biyu Google ke bayarwa. Na shiga awa ɗaya yake yi ya mutu, na sabuntawa kuma da shi rclone ke karɓo sabo ba tare da an sani ba. Da na farko ne matsalar, da foldar ba ta wuce awa ɗaya ba. Ke nan na biyun ne ke mutuwa. To me ke kashe shi? Yakan mutu in ya yi wata shida ba a taɓa shi ba, ko in mai asusun ya janye izini. Ko ɗaya bai faru ba.

Kalanda ce ta warware zancen. Da aka jera ranakun ba da izini da ranakun mutuwa, tazarar kullum kwana 7 ce. Dalili: mai kula da kwamfutar ya yi wa rclone rajistar kansa a Google Cloud, domin ta gama-gari tana fama da cunkoso, amma ya bar rajistar a matakin gwaji. A wannan mataki, ƙa'idar Google ita ce tikitin sabuntawa ya mutu bayan kwana 7.

Maganin: a mayar da rajistar matakin cikakken aiki, a ba da umarnin rclone config reconnect, a sauke foldar a sake ɗora ta.

Mai karatu, in foldarka ta yi haka, kada ka yi gaggawar goge ma'ajiyar wucin gadi ta rclone, domin fayilolin da ba su kai ga hawa ba suna can. Fara rubuta ranakun da take mutuwa, ka lissafa tazararsu.