BATIR NA BIYU A MOTAR SHIGA ƘAUYE

Ma'aikatan gona da na kiwon lafiya masu zagaya ƙauyukan Sabon Birni da Isa sun sha kawo wannan tambaya: yaya za a yi a kwana da firiji da fitila a kunne a mota, gari kuma ya waye motar ta tashi? Amsar ita ce a ƙara batir na biyu. Amma ƙara shi yana da ka'ida. In ba a bi ta ba, an zubar da kuɗi ne kawai, wani lokaci ma har motar ta kama wuta.

Ƙasar nan ta Gobir ba ta yi wa mota sauƙi. Da an sauka daga kwalta an nufi ƙauyukan ƙasar Gatawa ko Tsamaye ko Gebe, sai rairayi da rani, da damina kuwa laka a fadamun Rima da Bunsuru da Gagare. Shi ya sa ake dogara ga motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Land Cruiser da Hilux. A kan kwalta in batir ya mutu, samari huɗu za su tura, direba ya saki kuloci, mota ta tashi. A cikin rairayi kuwa, ko ƙauye duka ya fito ba zai gudu da motar da ta fi tan biyu nauyi ba. Kowa kuma ya san halin da hanyoyinmu suka shiga saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 har an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki da Sabon Birni da Isa, watau a lokacin wanda motarsa ta ƙi tashi ko kiran taimako ba ya iya yi. Mutuwar batir a daji ba ƙaramin abu ba ne a nan.

Hatsin ci da hatsin iri

Manomi mai hankali ba ya haɗa hatsin ci da hatsin iri a rumbu ɗaya, domin ya san ranar da yunwa ta matsa za a cinye duka. Batirin da mota ta zo da shi, shi ne irin. Aikinsa guda ne, ya juya inji. A cikinsa akwai farantan darma masu yawa marasa kauri, domin su ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa uku ko huɗu, sa'an nan altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar. Ba a yi shi domin a riƙa tsotsarsa a hankali dukan dare ba. In aka zuƙe shi sarai sau da yawa, farantan sukan lalace, batirin da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu cikin watanni.

Batir na biyu shi ne hatsin ci. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne irin wanda ake sayarwa domin sola, mai farantai masu kauri, wanda yake jure a zuƙe shi a sake cika shi sau ɗaruruwa. Firiji, da fitilun zango, da cajin waya, da lasifikar taro, duk a kansa za su rataya. Kada a bar ko ɗaya a kan batirin tashi.

To, ga inda yawancin mutane suke kuskure. Sai a sayo batir, a ba mai rewaya, ya haɗa jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, ya ce aiki ya ƙare. Wannan bai zama batir biyu ba, batir ɗaya ne babba. Ku ɗauki randa biyu da aka haɗa gindinsu da tiyo. In kuka ɗebi ruwa a ɗaya, na ɗayar ma zai sauka, har su ƙare tare. Haka firiji zai shanye su duka biyu, da safe a murɗa makulli a ji shiru. In kuma ɗaya tsoho ne ɗaya sabo, tsohon zai yi ta jan sabon ƙasa ko da ba a kunna kome ba. Saboda haka asirin aikin duka yana ga abin da za a sa a tsakaninsu: ya haɗa su sa'ad da inji yake aiki domin altaneta ta cika su tare, ya raba su da zarar an kashe inji.

Abin da ake sawa a tsakani

Mafi araha shi ne babban makunni na hannu. Direba ya murɗa shi bayan ya ta da mota, ya mayar in ya tsaya. Ba ya lalacewa da sauri, amma yana dogara ga tunanin mutum, direban da ya yini yana fama da rairayi kuwa yakan manta. Mantuwar dare ɗaya ta isa.

Wanda na fi so wa motocinmu shi ne rile mai aiki da kansa, wanda yake auna ƙarfin wuta. Ga yadda yake yi. Batir cikakke da yake hutawa yana nuna bolt 12.6 ko 12.7 a mita. In inji ya tashi, altaneta takan ɗaga wutar zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Rilen yana jira har wutar ta haura kimanin 13.3, sai ya yi ƙas, ya haɗa batiran. In an kashe inji wutar ta sauko wajen 12.8, sai ya sake yin ƙas, ya raba su. Ba ruwansa da mantuwar direba. Akwai kuma rile na zallah wanda ake ɗaura wa makullin mota, shi ma yana yi, amma lalle ya zama irin wanda aka ƙera domin ya daɗe a kunne. Waɗansu masu rewaya sukan ciro na jikin kik su sa. Wannan an yi shi ne domin aikin 'yan daƙiƙu, in ya yi awa guda a kunne zai yi zafi ya ƙone.

A tsofaffin motoci za ku iya tarar da wani akwati mai haƙarƙarin alminiyam wanda yake barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kaɗai. Yana raba batiran sosai, sai dai yana cinye wajen bolt 0.7 a hanya, don haka batir ba ya cika da kyau. Ba na ba da shawarar a saye shi sabo.

Sababbin motoci suna da wata matsala dabam. A waɗansunsu kwamfutar mota ce take sarrafa altaneta, takan rage wutar domin a rage shan mai, har rile ya ɗauka an kashe inji ya raba batiran ana cikin tafiya. Irin wannan mota tana bukatar ƙaramin injin caji na musamman, wanda yake karɓar wuta daga batirin tashi ya daidaita ta kafin ya ba na biyu. Shi ne kuma dole ga wanda ya sayi batirin litiyam. Batirin litiyam bai kai rabin nauyin na darma ba, ana kuma iya cin kusan duk abin da ke cikinsa, amma yana da tsada, ba ya kuma son zafin cikin bonet.

Gargaɗi ɗaya kafin a sayi kome. In kun buɗe bonet kun tarar da batir biyu tun daga kamfani, kada ku ce an riga an yi muku aikin. A waɗansu Land Cruiser masu shan gas duka biyun na tashi ne. A manyan motoci da waɗansu daga cikin Land Cruiser ɗin an jera su ne domin su ba da bolt 24. Kada a saci wutar bolt 12 daga ɗayansu, gama ɗaya zai rama ɗaya ya ƙoshi fiye da kima, su mutu duka. A auna da mita tukuna.

Lissafin dare ɗaya

A jikin kowane batir an rubuta yawan abin da yake ɗauka, misali 100Ah, watau zai iya ba da amfiya 5 har awa 20. Amma batirin darma, ko na sola ne, bai kamata a ci fiye da rabinsa ba in ana so ya daɗe. Mai batir 100 yana da 50 ke nan na kashewa. Mita ce za ta gaya muku: in batir yana hutawa ya nuna 12.2, an kai rabi, a dakata.

Bari mu yi misali da tawagar da ta isa ƙauye da ƙarfe 4 na yamma, za ta tashi da ƙarfe 8 na safe, awa 16 ke nan. Ƙaramin firiji na mota mai lita 40 yakan ja wajen amfiya 4 sa'ad da injinsa yake juyawa. A ce yana juyawa rabin lokacin, awa 8, ya ci 32. Fitilu biyu masu jan amfiya ɗaya da rabi a haɗe, awa 4, sun ci 6. Wayoyi takwas na ma'aikata da na masu masauki (wa zai hana mai gari cajin waya?) sun ci wajen 12. Jimla 50. Dare ɗaya ya cinye rabon duka. Da a kan batirin tashi mai 70 aka ɗora wannan kaya, da 20 kaɗai za a bar masa ya juya injin gas da shi. A watan Afrilu da Mayu kuwa, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, firiji yakan juya fiye da rabin lokaci, sai lissafin ya ƙaru.

Ga masu ɗaukar allurar rigakafi, ta yara ko ta dabbobi irin wadda ake yi a cibiyar Vom kusa da Jos, wannan lissafi shi ne kome. Yawancin alluran ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8. In batir ya ƙare da tsakar dare firiji ya ɗumama, maganin yana iya mutuwa ba tare da kamanninsa sun sāke ba, a yi wa yaro ko akuya allura a koma gida ana zaton an kāre su. Waɗansu alluran kuma daskarewa ce take kashe su, don haka kada a murɗa firiji zuwa ƙarshe. A sa ma'aunin zafi a ciki, a duba shi safe da yamma, a kuma riƙe akwatin sanyi da ƙanƙararsa a gefe ko da firiji yana aiki lafiya.

Abin da aka ci da dare sai an mayar da rana. Batirin darma yakan karɓi wuta da sauri da fari, sa'an nan ya yi ta sha a hankali, cikarsa sarai tana ɗaukar awoyi da yawa. Tafiya daga Sabon Birni zuwa Isa ba za ta cika shi ba, barin inji yana gunji a tsaye kuwa ɓarnar mai ce. Wanda yake yin kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, gara ya ɗora farantin sola mai wat 100 a kan rufin mota, tare da na'urarsa ta daidaita caji. A rana mai kyau yakan mayar da amfiya 25 zuwa 30. Da hunturu sai an riƙa goge masa ƙura kowace safiya.

Wajen ɗaurawa

Zafi shi ne babban magabcin batir. Masana sun auna cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage wa batirin darma rabin kwanansa. Saboda haka a nisanta shi daga salansa da jikin inji. In a bayan mota za a sa shi, a yi masa akwati mai kafar iska zuwa waje, domin batir mai ruwa yana fitar da wata iska mai kama wuta sa'ad da yake caji. Kada a sha taba ko a ƙyasta ashana kusa da shi. Nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 30, don haka a ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi, ba da igiya ko robar taya ba. Gargadar hanya tana kwance kowane ƙulli. Rilen kuma a kafa shi a sama, inda ruwa ba zai kai ba in ana ƙetare fadama.

Kada a yi rowar waya. Tsakanin batiran a sa mai kauri, lamba 16 in suna kusa, lamba 25 in za a ja ta zuwa bayan mota. Siririyar waya tana zubar da wuta a hanya, rabin bolt da ya ɓace kuwa ya isa ya hana batir cika har abada. A kasuwa akwai waya ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ku kankare bakinta da wuƙa, in kun ga fari a ciki ku ajiye ta. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfen mota a sa mata zoben roba.

Fis biyu ake sawa, ba ɗaya ba, kowanne a kan jar waya, bai fi taki ɗaya daga kan batirinsa ba. Dalili kuwa, wayar nan tana da wuta ta kowane ɓangare. In ta goge ta taɓa jikin mota, batiran biyu za su zuba mata wuta, ta yi ja kamar garwashi cikin ƙiftawar ido. Ga waya lamba 16, fis mai amfiya 80 ya yi. Wanda ya naɗa zaren waya a madadin fis ya cire mai gadi ke nan. Kafin a taɓa kome a cire baƙin kan batir tukuna, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa, mai aikin ya tuɓe zobe da agogo.

In an gama, kada a yarda da faɗar mai rewaya, a gwada a gabansa. A ta da inji a saurari ƙas ɗin rile, a ga batir na biyu ya haura 13.5. A kashe, a jira ƙas na biyu. Sa'an nan a kunna firiji da fitilu a bar su su kwana a gida, ba a daji ba. Da safe na biyu zai sauka, amma na tashi ya kamata ya tsaya wajen 12.5 ko sama. In su biyun sun sauka tare, ba a raba su ba, a mayar masa da aikinsa.

Bayan haka sai kulawa. Kowane mako biyu da bazara a buɗe murafun batir mai ruwa, in ruwan ya sauka a ƙara ruwan batir na kwalba har ya rufe farantan. Kada a zuba ruwan rijiya, kada kuma a ƙara asid. In kan batir ya yi farin gari, a wanke da ruwan kanwa kaɗan ba tare da ya shiga ciki ba, a shafa giris. A watan Agusta, in fadama ta cika mota ta yi makonni a ajiye, a cika batir na biyu tukuna a cire masa baƙin kai, gama batirin da aka bari a zuƙe wani gishiri yakan daskare a farantansa, ba ya kuma sake karɓar caji kamar dā.